Wilf Haworth da Amshin da Aka Bari

Kafin mai madara ya gama zagayensa, Wilf Haworth ya riga ya fito. Keken jarirai yake turawa, tsoho, ƙafarsa ɗaya tana kuka. Babu jariri a ciki. Bargo ne, da tsummoki, da burushi mai laushi irin na masu aski. Shekararsa saba'in, amma tafiyarsa ta wanda aka ce wa gidansu ya kama da wuta ce. A shagon jarida yake fara tsayawa. Ba ruwansa da shafin farko. A tsaye yake buɗe shafin sanarwar mutuwa, ya bi sunaye da tituna da yatsa, ya ninke jaridar ya mayar inda ya ɗauko ta. Mai shagon ya gaji da magana tuntuni. In Wilf ya ga sunan wanda ya haura tamanin, sai ya juya kan keken.

Tsere yake yi. A Burnley ta yau, in tsoho ya mutu, 'ya'yansa suna Manchester ko sun haye teku, kuma ran Litinin aiki na jiransu. Sai su kira masu kwashe kaya su ce a share gidan. Kujera mai kyau takan sami mai so. Sauran sai bola. A cikin sauran nan abin da Wilf ke nema yake: baƙaƙen faya-fayan garmaho masu fashewa kamar tangaran, da waɗanda suka girme su, gwangwanayen kaki, ba murfi ba gindi, waɗanda aka karce murya a jikinsu tun kafin yaƙin farko. Muryoyin mawaƙan gidajen waƙa ne, inda kakanninmu ke zuwa ran Asabar in an tashi daga masaƙa, da auduga a gashinsu, su sha giya, su yi wa mawaƙi ihu, su karɓi amshi har rufin ɗaki ya girgiza. Gidajen nan yanzu filin ajiye motoci ne. Mawaƙan suna maƙabarta. Abin da ya rage musu shi ne abin da ya shiga keken Wilf.

Da hantsi ya koma shago. Gyaran rediyo ne ke ciyar da shi, kuma a gaggauce yake yin sa, kamar mai korar kaji daga shanya. In ya sallami masu rediyo sai ya shige ɗakin baya. Ya wanke faifai, ya shanya, ya sauya allura, ya wana garmaho, ya ajiye makirfo a bakin ƙaho, ya kwashe muryar a kaset. Duk wanda ya ce kakarsa tana son waƙa kaza, zai tafi da kaset a aljihu. Haka yake yi tun da ya dawo daga soja. Ban taɓa ganinsa a zaune ba. Shayinsa ma a tsaye yake sha, kuma bai taɓa ƙarasa shi ba.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Za a rushe layin gaba ɗaya, kuma kunnensa na hagu ya fara barinsa. Ba za a yi taro ba, ba za a ba shi agogon ritaya ba. To, ga abin da mutane suka gani.

Norman Clegg, mai motar kwashe kaya, shi ne babban abokin tserensa. Na same shi a mashaya na tambaye shi.

"Wancan tsohon? Shekara da shekaru ya hana ni sakat," in ji Norman. "Wata rana na cika mota taf, na shiga shan shayi. Ina fitowa sai ga ƙafafu biyu a saman kayan suna harbin iska. Na ce, Baba Wilf, in mutuwa kake so ka yi kwanciyarka, bola zan je, sai in haɗa da kai in huta. Ya ɗago, toka har gira, faifai a hannu, ya ce mini, 'Norman, ka ɗora tsohon murhu a kan wata baiwar Allah, saura kaɗan ka karya mata wuya.'"

Yanzu Norman da kansa yake ware faya-fayai a kwali, ya ajiye a kujerar gaba. Ya ce ba don yana son waƙar ba, don kada tsoho ya mutu masa a mota ne.

Akwai lokacin da aka yi yayin tukunyar fure. Mata suka gano cewa in ka tsoma tsohon faifai a ruwan zafi zai yi laushi, ka lanƙwasa gefensa, ga hudar zubar ruwa a tsakiya kyauta. A 'yan shekarun nan mawaƙa da yawa sun ƙare a kan taga da ƙasa a bakinsu. Wilf bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya cika keken da tukwanen yumɓu, ya bi gida gida yana musaya. Mavis Holt, wadda ta yi aikin saƙa har aka rufe masaƙar, tana tunawa.

"Tukunya biyu ya ba ni a kan faifai ɗaya," ta ce. "Na ce wa maigidana, mutumin nan kansa ɗaya kuwa? Ya ce ke dai karɓi, kafin ya warke."

Ada, matar Wilf, ba ta ɓoye ra'ayinta. "Ni dai mutum ɗaya na aura, sai na tarar da matattu cike da gida. Ƙarƙashin gado su ne, bayan murhu su ne. Kuma duk sun fi ni samun hira."

Wilf, kai ne kunnen garin nan. Kai ne ka san cewa mutanen wancan zamani ba su da gudu ɗaya na ɗaukar murya, kowa da yadda ya wana na'urarsa, don haka in aka saki faifai da sauri ƙato zai koma yarinya, in aka rage mace za ta koma bijimi. Kai ne kake tsayawa da yatsa a kan maɓallin gudu, kana matsawa kaɗan kaɗan, har sai muryar ta zama ta mutumin da ya ci abinci ya sha ruwa ya hau dandamali. Ba ka taɓa cewa aikin yana da daɗi ba. Ka dai ce in ba ka yi ba, Norman zai yi nasa.

Doka ɗaya gare shi, kuma a kanta ya ɓata da rabin unguwa: shiru. Kayan aikinsa ba su da wayo. Makirfo ne a bakin ƙaho, duk abin da ya motsa a ɗakin sai ya shiga kaset. Don haka kafin ya saki allura sai ya tsayar da agogon bango, ya kori kyanwa, ya rataya bargo a ƙofa. Wanda ya yi tari ya fita. Wanda ya kuskura ya bi waƙar da baki ba zai sake shiga ba. A garin da mutum ba ya jin amshi ya bar shi ya wuce, wannan doka ce mai tsauri. Shi kansa ba a taɓa jin ya rera ko baiti ɗaya ba. Ada ta ce ko a coci leɓe kawai yake motsawa.

"Sun yi nasu sau ɗaya," yakan ce. "Namu mu rufe baki."

Abin da zan faɗa yanzu ina ɗakin aka yi shi. Na dawo daga Kanada bara, bayan karatu da 'yan shekarun aiki, na tarar garin ya tsuke kamar rigar ulu da aka wanke da ruwan zafi. Na kai masa faya-fayan mahaifina. Ya dubi hannuna ya ce ba ya rawa, in zo in riƙa danna masa rikoda. Ba tambayata ya yi ba.

Wata Laraba Elsie Ramsden ta shigo da gwangwanin biskit a ƙirji. Ta haura tamanin, ba ta taɓa aure ba, kuma ƙarar injin saƙa ta cinye mata rabin ji, shi ya sa take magana kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. An sama mata gado a gidan tsofaffi. Mako mai zuwa Norman zai share ɗakinta. Ta buɗe gwangwanin. A ciki akwai safar ulu, a cikin safar akwai gwangwanin kaki mai ruwan ƙasa.

"Uwata ce," ta ce.

Tilly Ramsden ta yi waƙa a ƙananan gidajen waƙa tsakanin nan da Blackpool. Ba kamfanin da ya taɓa ɗaukar muryarta. Wani mai yawo da na'ura ne ya ɗauke ta sau ɗaya a ɗakin bayan wata mashaya, ya ba ta gwangwanin. Ba ta shekara ba bayan nan tarin fuka ya kashe ta, Elsie tana da shekara biyu. Kakar da ta rene ta ta hana a taɓa shi. Da kakar ta mutu, tsoro ya hana. Elsie ba ta san muryar uwarta ba.

Wilf ya zura yatsu biyu a cikinsa ya ɗaga shi wajen taga. Fumfuna ta ci gefe ɗaya. Ga kuma tsagu siriri kamar gashi, ya taso daga ƙarshe ya nufo tsakiya. Ya daɗe yana juya shi.

"Sau ɗaya zai yi, Gwaggo Elsie. Ban ma ce zai kai ƙarshe ba. Ki bar mini shi, ki dawo ran Litinin ki karɓi kaset."

"Me ka ce?"

"Na ce ki bar mini shi!"

"In bar maka uwata? Kai da ko shayinka ba ka iya ƙarasawa? Kaset ba uwata ba ce. A kan wannan ta yi numfashi, daga bakin wannan zan ji ta."

"To sai ki yi shiru."

"Yaro, ina aiki kana cikin zani. Ka ga na yi kama da mai surutu?"

Aka sa Asabar da rana. Kwanakin da ke tsakani Wilf bai fita da keke ba, abin da Ada ta ce ko ranar jana'izar uwarsa bai faru ba. Ya kwance na'urar ya sake haɗawa. Ya sassauta nauyin allura har ta kusa zama gashin tsuntsu. Ya yi ta kai da komo tsakanin ɗakin baya da ƙofa, yana ɗaukar abu yana ajiyewa. Gudun ne ya hana shi sukuni. Ba halin gwaji. Dole ya kamo shi da kunne a 'yan juyin farko, da kunnen da ya fara barinsa.

Ran Asabar ana yayyafi. Elsie ta zo, amma ba ita kaɗai ba. Matan masaƙa ba sa zuwa ko'ina su kaɗai. Mavis Holt tana riƙe da hannunta, wata Ivy, tsohuwar abokiyar aikinsu, tana biye da lema. Duk sun sa hulunan coci.

"Mutum ɗaya na ce," in ji Wilf.

"Ba ka ce ba," in ji Mavis. "In ma ka ce, ba ta ji ba."

Wilf ya dube su, ya fita. Ya dawo da ƙunshin alewar rake mai danƙo, irin wadda ke liƙe muƙamuƙi, ya ba kowace babban gutsure.

"Ku sa a baki. Kada wadda ta haɗiye sai na ce."

"Kai, Wilf, ba ka da kunya," in ji Ivy. "Haƙoran nan na roba ne, gwamnati ta ba ni."

"In sun fita gwamnati ta ba ki wasu. Sa."

Suka sa. Ya tsayar da agogo, ya kori kyanwa, ya rataya bargo. Ya zaunar da Elsie dab da ƙahon, kunnenta mai ɗan ji yana fuskantarsa, taku ɗaya daga makirfo. Bai so haka ba, amma in ta matsa ba za ta ji komai ba. Ya wana na'urar. Hannunsa ɗaya a kan maɓallin gudu, ɗaya yana shawagi a kan allura. Ya ɗaga mini gira. Na danna.

Da farko ƙara ce kawai, kamar ana soya kifi a ɗaki na gaba. Sai fiyano, can nesa, yana gudu fiye da kima. Sai murya, siririya kamar ta ɓera. Yatsan Wilf ya motsa. Muryar ta sauko. Ya ƙara. Ta sake saukowa, ta yi kauri, ta yi 'yar dishewa, sai ga mace a ɗakin. Budurwa mai tsiwa, da harshen unguwarmu, tana ba da labarin mai sandar da ke bin tagogi da asuba yana tada ma'aikatan masaƙa daga barci, da yarinyar da ya ƙwanƙwasa wa har ya gaji. A kowane juyi allura tana tsallake tsagun da ɗan sauti, tak, tak, tak. Elsie ba ta motsa ba. Muƙamuƙinta ya tsaya cak a kan alewar.

Baitin ya ƙare. Fiyano ya yi 'yar shimfiɗa. Sai Tilly Ramsden ta daina waƙa ta yi magana, da ƙarfi, yadda ake yi daga kan dandamali:

"To, ina kuke? Naku ne! Ku amsa mini!"

Ta yi shiru. Fiyano kaɗai ke tafiya. Ta bar wa 'yan kallo amshinsu, kamar yadda ta saba, ko da yake babu kowa a gabanta ranar sai mai na'ura.

Na ga Elsie ta sa yatsu a baki. Ta zaro alewar, haƙoranta na sama suka biyo ta. Ta riƙe su a cinya. Ta buɗe baki:

"Ƙwanƙwasa, mai sanda, ƙwanƙwasa,
taga ta uku ba kowa ciki.
Na tafi bakin teku da takalmin Lahadi,
gaya wa manaja ya saƙa da kansa!"

Ta san shi. Dukansu sun san shi. A bakin injin suka koya daga manyansu, ba tare da sun san daga inda ya fito ba. Kafin layi na biyu Mavis ta shiga, da alewa da komai. Ivy ta bi, tana buga lema a ƙasa. Wilf ya yi fari fat. Ba halin ya ɗaga allura, don in ya ɗaga ba za ta sake sauka lafiya ba. Ba halin ya yi tsawa. A zagaye na biyu Tilly ta dawo ta shiga amshin, na ga leɓen ƙahon yana rawa, amma ba wanda ya ji ta. Tsofaffi uku masu muryar masaƙa sun rufe ta ruf.

Suka tsaya da kansu a inda ya dace. Baiti na biyu ya fara. Tak ɗin ya ƙara ƙarfi. Tilly ta kai inda yarinyar ta tsoma ƙafa a teku, sai wani ɗan sauti kamar an taka ɓawon ƙwai. Gwangwanin ya rabe biyu a kan sandarsa. Allura ta ci gaba da karzar iska har Wilf ya kashe.

Wilf ya tattara ɓarin biyu ya mayar cikin safar.

"Abu ɗaya na roƙa," ya ce. "Ɗaya. Amshinta ya tafi. Ba wanda zai sake jin sa har abada. Kun binne ta da bakinku."

Mavis ta sunkuyar da kai. Elsie tana ƙoƙarin raba haƙoranta da alewa. Ba ta ɗago ba.

"Wilf Haworth," ta ce, "shekara tamanin ina jira uwata ta kira ni. Ta kira. In yi mata shiru?"

Wilf ya juya. Ya yaye bargon ƙofa, ya ɗauki keken, ya fita cikin ruwa ba hula. Ada ta ɗora butar shayi.

Ran Litinin na mayar da kaset ɗin baya na saurara, ni kaɗai, don in yi wa Elsie nata. Baitin farko ya fito tas, fiye da yadda kowa ya yi zato. Kiran ya fito. Amshin ya fito da ƙarfin da ya sa allurar rikoda ta bugi ƙarshe. Na sake saurara. A zagaye na biyu, ƙarƙashin muryoyin matan, akwai wata. Ta namiji ce, ƙasa ƙasa, ba ta kauce ko kaɗan ba, kuma ta san kowace kalma.

Maza biyu ne a ɗakin. Ni ban san waƙar ba. Lokacin da ya kamata in koye ta ina wata ƙasa.

Wilf ya shigo yana kaɗe ruwa daga kafaɗa. Na ce, "Baba Wilf, akwai muryar namiji a nan."

"Kai ne."

"Ban san waƙar ba."

"To bututun ruwa ne. Gidan nan ya tsufa."

Ada tana bakin ƙofa da tire. Ta ajiye shi, ta ce in sake sawa. Na sa. Ta saurara har ƙarshe da hannu a ƙugu.

"Shekara arba'in," ta ce. "A coci kamar kifi. Ashe sai an kawo maka matar da ta mutu."

"Shayin nan ya huce," in ji Wilf. Ya sha rabi a tsaye, ya fita.

Bai taɓa yarda ba, kuma bai goge ba. Masu tara tsofaffin waƙoƙi da ke rubuto masa daga London sun nemi kwafi mai tsabta, ya ce musu wannan ne kawai akwai, in sun ga dama su karɓa. Elsie tana gidan tsofaffi yanzu. Ma'aikatan sun ce kullum bayan shayin la'asar sai ta sa kaset ɗin, kuma in Tilly ta ce ina kuke, ɗakin gaba ɗaya yake amsawa, har da waɗanda suka manta sunayen 'ya'yansu.

Wilf, kai ne ka shiga bola da kai don waɗanda ba ka taɓa gani ba. Kai ne ka tsayar da agogo ka rufe bakin unguwa don matattu su sami fili. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta juyo ta nemi amsa, dokarka ba ta iya riƙe ka ba. Mun gode da shirun, mun gode da saɓa shi.

Ku kuma masu karatu, shagon zai rufe amma mutuwa ba ta rufe ba, motar Norman ma haka. Kafin ku kira shi, ku duba ƙarƙashin gado, ku duba saman kabad, ku buɗe gwangwanin biskit. In kun ga baƙin faifai kada ku ɗora masa murhu. In akwai tsohuwa a gidanku mai rera abin da ba ku sani ba tana wanke-wanke, ku tsaya ku koya tun tana nan. Ni ma na koyi na Tilly, a makare, daga bakin tsofaffi uku da bututun ruwa.

Da safen nan na ji ƙafar keken tana kuka ta wuce ƙofata. Da sauri take tafiya. Wani ya mutu a layin sama, kuma wani ya kamata ya fara koyon tura ta.